Ayu da Tsuntsayen Kwara: Dukiyar da Ake Ci da Ido

Ranar kasuwa a Zuru, sa'ad da rana ta take tsaka, masu dawa da masu wake suka fara ƙirga cinikinsu, akan ji muryar mai magani tana tashi ta lasifika daga gefen tasha. Cikin kayan da yakan baje bisa tabarma kuwa, tsakanin saiwoyi da ƙulle-ƙullen gari, ba a rasa waɗansu 'yan kwalabe masu ɗauke da wani mai, wanda yakan ɗaga sama ya yi rantsuwa cewa man ayu ne na ainihi, babu gauraye.

Mata su saya a fili, maza su saya a kaikaice, kowa da muradin da ya kawo shi. Amma da za a tsai da masu sayen nan a ce su siffanta dabbar da aka ce daga jikinta man ya fito, da wuya a sami wanda ya taɓa ɗora ido a kanta, alhali kuwa mazauninta bai kai kilomita 100 ba daga inda suke tsaye, in da za a miƙe sak zuwa bakin Kwara a Yauri.

A zamanin nan kuma da wayar hannu ta shiga kowane gida, samarin wannan gari na tsakiyar duwatsu, wanda ke nesa da teku da kusan kilomita 600, suna ganin hotunan mutanen waɗansu ƙasashe cike da jirage suna kewaya tsibirai, sun biya kuɗi masu yawa domin kawai su ga tsuntsayen teku da giwar teku, watau ƙatuwar dabbar nan da akan kwatanta kifin Annabi Yunusa, alaihis salam, da ita. Tilas mai hankali ya tambaya: shin abin da waɗancan suka mai da sana'a, babu kwatankwacinsa a ƙasar Kebbi?

Yadda kallo ya gaji farauta

Shekaru aru-aru mutanen Turai da Amurka suna farautar giwar teku saboda kitsenta, wanda suka riƙa narkarwa suna kunna fitilu, suna yin sabulu, har waɗansu irinta suka kusa ƙarewa ƙaƙaf. A 1982 hukumar ƙasashen duniya mai lura da wannan farauta ta yanke shawarar dakatar da ita, hanin kuma ya fara aiki a 1986, ko da yake 'yan ƙasashe kaɗan, irin su Japan da Norwe, ba su ajiye masu ba.

Tun kafin wannan hani, a 1955, wani mai jirgi a birnin San Diyego na jihar Kalifoniya ya fara ɗaukar mutane a kan dala 1 kowane kai, yana kai su inda dabbobin ke wucewa. Abin ya yi ta yaɗuwa, har wani ƙiyasi na shekarar 2008 ya nuna cewa mutum wajen miliyan 13 ne suka fita irin wannan kallo a ƙasashe da yankuna sama da 100, suka kashe fiye da dala biliyan 2.

Misalin da ya fi cancantar i'itibari shi ne na tsibiran Azoris, mallakar Fotugal, a tsakiyar tekun Atilantika, inda mutane suka gaji farautar giwar teku da ƙananan jirage da mashin hannu har cikin shekarun 1980. Da farautar ta tsaya, ɗakunan tsinkaye da aka gina bisa tuddai domin hango dabbar ba a rushe su ba. Masu tsinkayen nan dai, waɗanda suka san numfashinta daga nesa, su aka koma biya su sanar da jiragen baƙi inda take.

A Afirka ta Yamma ma al'amarin ba baƙo ba ne. Daga wajen Yuli zuwa Oktoba giwar teku mai doro, wadda tsawonta kan kai mita 15, takan taso daga ruwan sanyi na ƙarshen kudancin duniya ta zo haihuwa a gaɓar Gabon da Benin da Gana. A gefen Dakar akwai tsibiran Madalen, waɗanda aka keɓe tun 1976, inda kwale-kwale ke kai masu kallon tsuntsayen da ke sheƙa cikin duwatsu. A Ayoru ta Jamhuriyar Nijar, bisa Kwaran nan tamu, an daɗe ana ɗaukar baƙi kallon dorina. A Weciyau ta arewacin Gana kuwa sarakunan gargajiya ne da kansu suka keɓe wa dorina wani yanki na kogi a 1998.

Tsibiran da ruwa ya ci, da waɗanda ya bari

Duk ruwan da ya zuba bisa duwatsun Zuru da damina, ko ta wace ƙorama ya bi, Kwara ce maƙurarsa. A can ƙasar Yauri kogin yakan baje ya rarrabu tsakanin tsibirai, inda Gungawa suka zauna tun kaka da kakanni suna noman albasa da gero, suna mu'amala da Sarkawa, waɗanda su kuma sana'ar su suka gada.

Madatsar Kainji, wadda aka gina daga 1964 zuwa 1968, ta sauya wannan duniya baki ɗaya. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon sama da kilomita 130, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,250. Ya haɗiye tsohuwar Busa, inda Baturen nan matafiyi, Mango Fak, ya halaka a 1806, ya haɗiye babban tsibirin Foge, aka kuma tayar da mutum sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai.

Tafkin kuwa ba tsayayye ba ne. Ambaliya biyu ke ciyar da shi kowace shekara: farin ruwa, na daminar ƙasarmu, mai zuwa da laka, da baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun Gini, ba ya isowa sai cikin hunturu. Sa'ad da suka wuce, injinan wuta suka ci gaba da sha, ruwa yakan ja da baya da mitoci da dama, tudun Foge ya sake bayyana, yashi ya fito, ciyawar burugu ta rufe fadama. Saboda muhimmancin wannan wuri ga tsuntsaye da kifi ne aka sa tsibiran Foge, a 2008, cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Wace ce ayu?

Ayu ba kifi ba ce, ko da yake ba ta fita tudu. Iska take shaƙa, ɗa take haifa, nono take shayarwa, nonuwanta kuma suna ƙarƙashin hannuwanta. La'alla wannan siffa ce ta sa aka daɗe ana danganta ta da mutanen ruwa a hirar dare. Babba takan kai mita 3 ko fiye, nauyinta kilo ɗaruruwa, amma duk girman nan ba ta da ƙaho, ba ta da farce mai yanka, ba ta faɗa da kowa. Abincinta ciyawar ruwa ne, har da baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure, mai kama da kainuwa, wadda ta shigo tafkin a ƙarshen shekarun 1980 ta riƙa toshe wa jirage hanya.

Rauninta yana wajen haihuwa. Takan ɗauki ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta yi ta renonsa, ba ta sake haihuwa sai bayan shekara 2 ko 3. Saboda haka duk uwar da aka soke, an yi hasarar da ba za a mayar ba sai bayan dogon zamani, sau da yawa ma ɗan da ta bari yakan bi ta.

Ana samun irinta daga kogin Sanigal har zuwa Angola, amma madatsun Kainji da Jebba sun raba ayun sama da 'yan uwanta na ƙasa, ta yadda in na tafkin suka ƙare, na ƙasa ba za su iya haurowa su maye gurbinsu ba.

Baƙin hunturu da 'yan gida

In ganin ayu sai da sa'a, tsuntsu ba ya ɓuya. Wanda ya shiga kwale-kwale da asuba daga Yelwa ko Wara zai ji fiton kirinjijiya kafin ya ga garkenta, zai ga dinya ta tashi da nauyi daga cikin burugu, zalɓe ya tsaya cik a gefen ruwa, jinjimi yana caccakar laka, mikiya mai farin kai kuma tana kuka daga bisa busasshen itacen da tafki ya kashe. A kan yashi akwai wani tsuntsu da leɓen bakinsa na ƙasa ya ɗara na sama tsawo, wanda ke tashi dab da ruwa yana tsaga shi da baki har ya ci karo da kifi.

Daga wajen Oktoba zuwa Maris kuma baƙi kan sauka: agwagin daji da 'yan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka ƙyanƙyashe a Turai da Rasha, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara, cikinsu har da dangin tsuntsayen teku, masu fararen fikafikai, waɗanda ke shawagi bisa tafkin kamar yadda 'yan uwansu ke yi a gaɓar Dakar. Wanda ya yi tafakkuri a kan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba, ya yi tafiyar dubban kilomita ba guzuri ba ja-gora, ya sauka inda ya sauka bara, ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi game da ƙudurar Mahalicci.

Abin da ke cinye dukiyar

Sababi na farko shi ne kasuwa. Muddin ana neman man ayu a birane domin mallaka da farin jini da ciwon gaɓoɓi, alhali babu hujjar likita da ta tabbatar da waɗannan da'awoyi, to, za a sami mai ɗana tarko. Masu sayarwa da kansu, da yawan rantsuwar da suke yi cewa nasu ne na gaskiya, sun shaida cewa jabu ya cika kasuwa. Amma ko jabun yana da laifi, domin shi ke raya sunan hajar, ya tsadantar da na ainihi.

Na biyu shi ne ƙuncin masunta. Mutane sun yawaita a bakin tafki, raga mai ƙananan idanu ta kwashe manya da ƙanana, kamun giwan ruwa da ƙarfasa ya ragu, ayu kuma takan faɗa cikin raga ko ba ita aka nufa ba. Mutumin da ya kwana bisa ruwa bai kama na cefane ba, in ya wayi gari da naman da zai sayar da kuɗin wata da watanni, ba kowa ne zai sake shi ba.

Na uku shi ne dokar da ke kwance cikin takarda. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta haramta farautar ayu da cinikinta, yarjejeniyar CITES kuma ta hana fataucinta tsakanin ƙasashe tun 2013. Amma ma'aikatan da za su tsare ruwa mai wannan faɗi ba su da yawa. Wanda ke shakkar cewa halitta tana iya ɓacewa a idon jama'a, ya tambayi dattawa labarin gauraka, wadda a da take cika fadamun Arewa, yau kuwa, saboda kamu da bushewar dausayi, samari da yawa ba su san ta ba sai a hoto.

Kowa da hujjarsa

Masunta da manoman bakin ruwa suna da ƙorafin da bai kamata a raina ba. Sukan ce ayu tana yaga raga, tana shiga shinkafa in ruwa ya hau. Dorina kuwa ɓarnarta ta fi, domin takan share gona a dare guda, ta kife jirgi, a 'yan shekarun nan ma ta kashe mutane a ƙasar Yauri. Bikin Rigata kansa, wanda masarautar Yauri ta farfaɗo da shi, tarihin baka ya danganta asalinsa da fitar jaruman Gungawa cikin jirage domin yaƙar dorina. Wanda duk zai ce musu su bari, lalle ne ya zo da abin da zai maye musu hasara.

Ta fuskar shari'a, sananne ne cewa a mazhabar Malikiyya dabbobin ruwa halal ne. Sai dai halaccin ci bai halatta israfi ba, bai halatta algus cikin ciniki ba, bai kuma ɗauke wajabcin bin hukuma ba a inda ta hana abu domin maslahar jama'a; ƙa'idar malaman usulu ce cewa tunkuɗe mafsada shi ake gabatarwa bisa jawo amfani.

Masana, irin na Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da Kwalejin Kula da Namun Daji da ke Sabuwar Busa, su ne za su iya ƙidaya abin da ya rage, su shata inda ba za a sa raga ba. Masu shakka kuma suna da gaskiya in suka ce ayu ba ta tsalle sama kamar giwar teku: dabba ce mai kunya, cikin ruwa mai duhu, sau da yawa hancinta kaɗai ake gani, ko sauran ciyawar da ta tauna. Wanda ya yi wa baƙo alkawarin ganinta ya yi ƙarya. Abin da za a iya alkawarta masa shi ne tsuntsaye, da tsibirai, da ilimin wanda ya san ruwan.

Tsoron ruwa da tsoron hanya

Akwai shinge biyu da ba za a tsallake su da daɗin baki ba. Na farko shi ne haɗarin ruwa. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutane fiye da ƙima ya nutse a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, rayuka sama da 100 suka salwanta. Tsofaffin jiragen katako, da lodi ba awo, da tafiyar dare, da kututturan da ke ɓoye ƙarƙashin tafki, su ne ke maimaita irin wannan musiba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa tana hana tafiyar dare, HYPPADEC mai raya yankunan madatsun wuta kuma ta rarraba rigunan ruwa, amma har yanzu ba kowane fasinja ke sawa ba.

Na biyu shi ne rashin tsaro. Ƙasar Zuru, musamman Danko-Wasagu da Sakaba, ta sha azabar 'yan bindiga. A Yuni 2021 aka kwashe ɗalibai daga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. Gandun dajin Kainji ma, wanda ya haura murabba'in kilomita 5,000, miyagu sun sami mafaka a cikinsa. Mahaifin da ya ƙi barin ɗansa ya bi hanyar Dabai zuwa Mahuta da Koko domin kallon tsuntsu, babu mai zarginsa. Wannan ya nuna cewa jiran Turawa masu tabaran hangen nesa ɓata lokaci ne. In za a fara, da 'yan gida za a fara, a wuraren da hukuma ta tabbatar da amincinsu.

Abin da Kebbi ta riga ta sani

Keɓe halitta a bar ta da ranta ba darasi ba ne da za a koyo daga waje. A cikin garin Zuru akwai Girmace, kurmi mai ruwa inda kadoji ke zaune, Lelna, mutanen ƙasar, sun tsare shi tun zamanin kakanni, har ya zama wurin da akan kai baƙo. Musulmi da Kirista na garin suna da aƙidarsu dabam da ta masu hidimar wurin, amma kowa shaida ne cewa hanin al'ada ya raya abin da da tuni an cinye.

Haka shamuwa take sheƙa bisa itacen tsakar gida, babu yaron da ke jifanta, don ita ce mai bushara da damina. Haka kuma a Argungu ake rufe kogin Matan Fada a hana su sai ranar biki, Sarkin Ruwa yana tsaro. Albarkacin wannan haƙuri ne bikin da aka fara a 1934 ya kai ga shiga kundin UNESCO a 2016.

Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan tsohuwar hikima da lissafin ciniki. Dabbar da aka kashe sau ɗaya ake sayar da ita. Wadda aka bari kuwa kamar saniyar tatsa ce, kowace safiya da abin da za ta bayar. Kuma babu wanda ya cancanci riƙon wannan amana sai Basarken da ya san inda ayu ke kiwo, da Bagungen da ya san kowane lungu na tafki, domin ilimin da ke kai mashi shi ne dai zai kai baƙo.

Ina aka dosa?

Matakan ba su fi ƙarfinmu ba. A zaɓi jirage kaɗan masu lafiya a Yelwa, a yi musu rajista, a ƙayyade yawan fasinja, kowa da rigar ruwa, fita da hantsi, dawowa kafin la'asar. A koya wa matuƙa ladabin kallo irin na masu giwar teku, waɗanda galibi ba su matsawa kusa da ita fiye da mita 100: a kashe inji in an kusato, kada a tashi tsuntsu daga ƙwai, kada a shiga tsakanin dorina da ɗanta. A kuma ware wani kaso na kuɗin domin biyan wanda aka yaga wa raga ko aka ci wa gona.

Muna kira ga masarautun Zuru da Yauri, da Gwamnatin Jihar Kebbi, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, su zauna da sarakunan ruwa su shata wuraren hani tun da sauran abin da za a hana. Shugabannin makarantu kuma, da zarar hanya ta yi kyau, su sa ziyarar Kwara cikin tsarin karatun hunturu, su biya mai jirgi haƙƙinsa cikakke, domin ranar da masunci ya karɓi ladan nuna dabba mai rai, ran nan ne zai fara tsaronta.